Tsutsar Kwamfuta A Kantunan Fagge Da Sabon Gari

Tun kafin zuwan Turawa Fagge masaukin fatake ce. A nan bayan ganuwar Kano ayarin Azbinawa ke durƙusar da raƙuma, su sauke gishiri da dabino, su ɗauki hatsi da baƙaƙen tufafi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ba a daɗe ba aka yanka Sabon Gari daura da ita, ta zama mazaunin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Har wa yau kuwa haja mai yawa ta nan ta ke ratsawa: atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuɗin ƙasashen waje a Wapa, wayoyi da kwamfutoci a titin Beirut, sa'an nan kowane irin tarkace a kasuwar Sabon Gari. Inda haja ke shiga kuwa, nan ɓarnarta ke biyo ta. Mai tufafi ya san asu, mai hatsi ya san gunda, malami ya san abin da gara ta kan yi wa littafi in an bar gafaka a ƙasa da damina. To, ga wata ɓarna da ta shigo kantuna a wannan zamani, wadda masana su ke kira tsutsar kwamfuta, ita ce abin bayani a nan.

Da fari mai karatu ya sani, wannan tsutsa ba halitta ba ce, ba kuwa zafi ko ƙura ko yawan ɗauke wuta ke haifar da ita ba, kamar yadda waɗansu masu kanti su ke zato. Rubutu ce, watau jerin umarni da wani mutum ya zauna ya tsara da gangan, kwamfuta kuwa ba ta da hankalin da za ta rarrabe umarnin ubangidanta da na maƙiyinsa. Jama'a su kan haɗa kowace cutar kwamfuta su kira ta bairos, amma masana sun rarrabe. Bairos na ainihi ya kan maƙale ne a jikin wani fayil, kamar kaska a jikin saniya, ba shi zuwa ko'ina sai an kai fayil ɗin. Ita tsutsa kuwa mai cin gashin kanta ce. Da ta sami shiga kwamfuta guda, aikinta na farko shi ne ta kwafi kanta ta nemi ta biyu, ta biyun kuma ta nemi ta uku, ba tare da wanda ya rubuta ta ya sake ɗaga yatsa ba.

Ta farko da ta shahara, wani ɗalibi ne a Amurka mai suna Robert Morris ya sake ta ran 2 ga Nuwamba 1988. An ƙiyasta ta kama kwamfuta wajen 6,000, a lokacin da duk waɗanda ke kan intanet ba su wuce 60,000 ba. Cikin Janairu 2003 wata mai suna Slammer ta kama 75,000 cikin minti 10. Wanda ya san lissafin ninki ba zai yi mamaki ba: ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, in an ninka sau 20 an haura miliyan.

Hanyar filashi

Hanyar da ta fi shafar Fagge da Sabon Gari ba ta buƙatar intanet ko kaɗan. Ita ce wannan 'yar ma'ajiya da a ke kira filashi, wadda yaran kanti ke ratayawa tare da makullai.

Ga misalin yadda abin ke gudana. Attajiri yana son a buga masa takardar kayan da ya yi oda, firintarsa kuwa ba tawada. Sai ya ba yaronsa filashi, ya ce ya ruga shagon buga takardu. Kwamfutar shagon nan tun safe ta karɓi filashin ɗalibi mai buga jarrabawa, da na dillalin fili, da na almajirin da malaminsa ya aiko da wani talifi a tsara masa. In ɗaya daga cikinsu na ɗauke da tsutsa, ta riga ta zauna a kwamfutar tana jira. Da an cusa filashin attajiri sai ta kwafi kanta ciki, ta kwashe fayilolinsa duka ta ɓoye a wata folda da ba a gani, ta ajiye wata 'yar alama a madadinsu mai kama da filashin kansa, wadda masu gyara ke kira shotkat. Yaro ya komo kanti, magatakarda ya buɗe filashi bai ga kome ba sai alamar nan, ya danna. Nan take fayilolin su bayyana, hankalinsa ya kwanta, alhali dannawar nan ita ce ta tashi tsutsar ta shige kwamfutar kanti. Daga ranar duk filashin da ya taɓa kwamfutar ya ɗauka.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Cikin Maris 2023 kamfanin Sophos na Ingila ya ba da labarin wata tsutsa ta wannan siffa, daga dangin da a ke kira PlugX, ya ce an gan ta a Papua New Guinea, da Gana, da Mongoliya, da Zimbabwe, da Nijeriya. Sa'an nan wani kamfanin Faransa mai suna Sekoia ya lura masu tsutsar sun yi watsi da adireshin da ta ke kai musu rahoto. Cikin Satumba 2023 sai ya sayi adireshin a kan dala 7 kacal, ya zauna yana ƙirga masu sallama. Kowace rana adireshi tsakanin 90,000 da 100,000 ke ƙwanƙwasa ƙofa, cikin wata 6 kuwa aka ƙirga kusan miliyan 2 da rabi, daga ƙasashe sama da 170. Da aka jera ƙasashen cikin rahoton da ya fito a Afrilu 2024, Nijeriya ce a kan gaba.

Wajibi ne a yi adalci ga wannan lissafi. Adireshi ba shi ne kwamfuta ba. Kwamfuta guda ta kan sauya adireshi sau da yawa, musamman mai amfani da layin waya, kwamfutoci da yawa kuma su kan taru a kan adireshi guda. Saboda haka ba a ce kwamfuta miliyan 2 da rabi ba ne. Amma duk yadda aka tankaɗe lissafin, abin da ya rage a rariya ya isa ya hana mai kanti barci.

Sau da yawa ɗan kasuwa ya kan ce, shi me gare shi a kwamfuta da wani a bangon duniya zai so? Gaskiya ne masu binciken sun danganta wannan tsutsa ga wata ƙungiyar leƙen asiri da hukumomin Amurka suka ce gwamnatin Sin ke ɗaukar nauyinta, kuma ba littafin bashin wani ɗan Kwari su ke nema ba. Amma tsutsa ba ta tambayar sunan mai gida. Ta kan tattara takardun da ta samu, ta kuma bar ƙofa a buɗe ga wanda ke riƙe da linzaminta, ya ba kwamfutar umarnin da ya ga dama. Linzamin nan kuwa an ga yadda ya faɗi a hanya har aka tsince shi da dala 7. Waɗanda suka tsinta masu gyara ne. Da ɓarayi suka riga su, da sun gaji kwamfutocin duka, da abin da ke ciki na lambobin asusu, da hotunan fasfo na abokan ciniki, da sunayen masu ba da kaya a Guangzhou da Dubai da farashin da aka yi da su, wanda ɗan kasuwa ba ya gaya wa ko maƙwabcinsa na rumfa.

Hanyar tsagar bango

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manhajar da ke tafiyar da kwamfuta rubutu ne mai tsawon gaske, mutane ne suka rubuta, ba a kuwa raba mai kwafi da kuskure. Wani kuskuren ya kan zama tsaga, wadda in an aiko wa kwamfuta saƙo mai wata siffa ta hanyar sadarwa, sai ta karɓe shi a matsayin umarni. Irin wannan ba ta jiran kowa ya danna kome. Kwamfuta na kunne, tana haɗe da 'yan'uwanta, shi ke nan.

Ran Jumma'a 12 ga Mayu 2017 tsutsar WannaCry ta fito ta irin wannan tsaga, a sashen Windows da ke kula da musayar fayiloli tsakanin kwamfutocin ofis. Cikin 'yan kwanaki ta kama sama da 200,000 a ƙasashe wajen 150. Duk wadda ta shiga sai ta kulle fayilolin ciki, ta rubuta a fuskar kwamfutar a biya fansar dala 300 da kuɗin Bitcoin, in an yi jinkiri ta koma 600. A Ingila asibitoci suka soke ganin marasa lafiya wajen 19,000, masana'antar motoci ta Renault a Faransa ta tsai da aiki. A nan gida hukumar NITDA ta fitar da gargaɗi ga ma'aikatu da kamfanoni. Abin da ya kashe kaifinta wani saurayi ne Bature ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, wanda ya ga wani dogon suna a cikin rubutunta, ya yi rajistar sunan da kuɗin da bai kai dala 11 ba, ashe makunnin kashe ta ke nan.

Abin takaici a labarin, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan tsaga tun ran 14 ga Maris, watau kusan wata 2 kafin annobar. Waɗanda suka liƙa faci tsutsar ta zo ta tarad da bango a shafe ta wuce. Haka aka yi da Slammer, facinta ya riga ta fita da wata 6. Haka aka yi da Conficker ta 2008, wadda ta kama miliyoyi: faci ya fito a Oktoba, ita ta fito a Nuwamba.

Bayan WannaCry da mako 6 aka ga wadda ta fi ta muni, labarinta kuwa ya kamata kowane mai jiran kwantena ya sani. Ran 27 ga Yuni 2017 aka cusa tsutsar NotPetya cikin wata manhajar lissafin haraji da kamfanonin ƙasar Yukren ke aiki da ita. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk yana da ofis a can, a birnin Odesa. Daga nan ta bi hanyar sadarwar kamfanin ta game ofisoshinsa na duniya. Ita ba tsaga kaɗai ta dogara da ita ba. In ta shiga kwamfuta guda sai ta sace kalmomin sirrin da ta tarar a ciki, ta buɗe sauran da su, har waɗanda aka yi wa faci. Ta nemi fansa ita ma, amma yaudara ce, gama an gina ta ne don ta hallaka, ko an biya ba abin da zai komo. Daga baya Amurka da Ingila suka ɗora alhakinta a kan sojan Rasha.

Maersk a lokacin shi ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na kwantenonin duniya, reshensa kuma, APM Terminals, shi ke riƙe da tashar kwantena ta Apapa tun 2006. Tashoshinsa 17 daga cikin 76 suka tsaya, manyan motoci suka yi layi a bakin ƙofa, ba mai iya faɗin abin da ke cikin wace kwantena. Da injiniyoyi suka taru a Ingila don su sake gini, sai suka tarar da wata babbar musiba. Akwai waɗansu uwayen kwamfutoci wajen 150 masu riƙe da rajistar ma'aikata da iznin kowa, kowace kwafin 'yar'uwarta ce, an dogara cewa in ɗaya ta mutu saura na nan. Tsutsar ta shafe su gaba ɗaya, domin dukansu a haɗe su ke. Aka yi ta bugun waya ofis ofis, har aka sami guda ɗaya tak da ta tsira a Afirka ta Yamma, dalili kuwa an ɗauke wuta a garin kafin tsutsar ta iso, kwamfutar na kashe. Masu riwaya sun saɓa a kan garin: mujallar Wired ta ce a Gana ne, aka kawo ma'ajiyar Nijeriya hannu da hannu, daga nan wani ma'aikaci ya tashi da ita zuwa London, wani babban jami'in kamfanin kuwa ya ce a Ikko ne. Ko wanne ne, ɗauke wutar da kowa ke tsine wa ita ce ta ceci kamfanin. Shugabansa ya faɗa a Janairu 2018 cewa sun sake ɗora manhaja a kan kwamfuta 45,000 da uwaye 4,000 cikin kwana 10, hasarar kuwa ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Abin da mai kanti zai yi

Daga labarin Maersk a ke ɗaukar hukunci mafi girma: kwafin da ke haɗe da kwamfuta ba ajiya ba ne. Mutanen kasuwar Sabon Gari da suka ga gobarar Maris 2016 sun san wanda ya ajiye littafin bashi da kwafinsa a rumfa guda bai ajiye kome ba. To, haka nan. A sami ma'ajiya ta dabam, a kwafe lissafin kanti a kai kowane mako, ko kowace yamma in cinikin mai yawa ne, sa'an nan a zare ta a tafi da ita gida. In da hali a yi biyu ana musanyawa, don kada ranar da tsutsa ta shiga ta zama ranar da aka cusa guda ɗayan da a ke da ita. Lokaci lokaci kuma a buɗe kwafin a duba, kamar yadda mai kwafin littafi ke muƙabala da asali, gama da yawa sai ranar buƙata su ke tarar da ma'ajiyar wofi ce. Wannan ya shafi malamai ƙwarai. Talifin da aka shekara ana bugawa a kwamfuta, in kwafinsa guda ne a filashin almajiri, ya fi takardar da ke cikin gafaka zama cikin haɗari.

Na biyu faci. A nan akwai wata magana da ba a son faɗi. Kwamfutoci da yawa na kantuna 'yan gwanjo ne, Windows ɗin da ke kansu kuwa kwafi ne da mai gyara ya ɗora, ya kuma kashe hanyar sabuntawa don kada a gane, ko don kada ta cinye data. Wanda ya yi haka ya toshe ƙofar da faci ke shigowa, ya bar wadda tsutsa ke shigowa. Sa'an nan kowace Windows tana da wa'adi. Microsoft ya daina yi wa XP faci a Afrilu 2014, Windows 7 a Janairu 2020, Windows 10 kuma a Oktoba 2025, sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi. Tsagar da aka gano bayan wa'adi, yawanci a buɗe za ta zauna. In lalle akwai tsohuwar kwamfuta da ba a iya rabuwa da ita, saboda wata na'urar ɗab'i ko manhajar lissafi da ba ta aiki sai a kanta, to, a raba ta da intanet da sauran kwamfutoci, a keɓe mata filashinta.

Kalmar sirri kuma kada ta zama guda a kwamfutocin kanti duka, kada ta zama 1234 ko sunan kanti, gama Conficker da jerin irin waɗannan kalmomi ta ke yawo tana gwadawa. Magatakarda da yaran kanti a buɗe musu asusu mai ƙaramin izni, na mai gida mai cikakken izni a ajiye shi sai ranar ɗora manhaja. Intanet ɗin da a ke ba baƙi da maƙwabta su hau da wayoyinsu, a raba shi da wanda kwamfutar lissafi ke kai, yawancin akwatunan intanet na yanzu suna da wannan tsari. Kwamfutar da a ke shiga asusun banki da ita, musamman ga 'yan canji, ba ta kallon fim ba ce, ba ta cajin wayar kowa ba ce.

Game da filashi, mafi sauƙi shi ne a rage yawonsa. Takardar da za a buga a aika wa mai shago ta waya ko ta imel. In ba makawa sai an kai, a keɓe guda na aike wanda ba ya ɗauke da kome sai takardar ranar, in ya komo manhajar riga-kafi ta bincike shi kafin a buɗe. Alamar da ba ta ƙarya ita ce wadda aka ambata: an buɗe filashi, fayiloli sun ɓace, sai alama guda mai 'yar kibiya a gindinta. Kada a danna. Fayilolin na nan a ɓoye, mai gyara zai fito da su ba tare da ya tashi tsutsar ba. Masu shagunan buga takardu kuwa nauyinsu ya fi na kowa, domin kwamfutarsu ita ce rijiyar da unguwa duka ke sha. Kamfanin Mandiant, da ya bi sawun irin wannan tsutsa a ƙasashen Afirka cikin 2023, ya tarar sau da yawa sawun na komawa ne ga shagunan buga takardu da na intanet.

In kuwa abin ya riga ya faru, an ga takardar fansa a fuskar kwamfuta, ko fayiloli na sauya suna da kansu, farkon abin yi a zare wayar sadarwa, a kashe akwatin intanet, tun ba ta kai ga saura ba. Kada a cusa ma'ajiyar kwafi don a duba ko tana nan lafiya, wannan shi ne kuskuren mai firgita. A kira mai gyara ya wanke kwamfutar tun daga tushe, a sauya kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta, a sanar da banki. Biyan fansa ba shi da lamuni, waɗanda NotPetya ta kama shaida ne. A kuma gaya wa abokan hulɗa da aka yi musayar filashi da su, ko da akwai jin kunya, gama ɓoyewa ita ke maido da cutar bayan an warke. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta yaɗa irin wannan cuta da gangan, ta kuma wajabta wa masu tafiyar da kwamfutoci su kai rahoton farmaki ga cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Gyaran da aka yi wa dokar a 2024 ya rage wa'adin rahoton daga kwana 7 zuwa sa'a 72.

Saura labarin tsutsar nan ta dala 7. Da Sekoia ya riƙe linzaminta, sai ya gano tana da wani umarni da in an aika mata za ta share kanta. Amma shiga kwamfutar mutum ba da izninsa ba, ko don a yi masa magani, abu ne da sai hukuma ta yarda, saboda haka ya miƙa maganin ga ƙasashe, kowace ta yanke wa kanta. Masu gabatar da ƙara na birnin Paris suka fara wanke kwamfutocin Faransa a Yuli 2024. A Janairu 2025 hukumar FBI ta ba da sanarwar ta share ta daga kwamfuta 4,258 a Amurka, da iznin kotu. Sai dai masu binciken da kansu sun faɗi iyakar maganin: yana isa ga kwamfutar da ke kan intanet ne kaɗai, da filashin da ke cushe a jikinta a wannan sa'a. Wanda ke cikin aljihun yaron kanti, ko cikin durowar mai shago tare da tsofaffin rasidai, yana nan da tsutsarsa har ranar da za a sake cusa shi.